Laraba a Gidan Kifi

Shekara ashirin da bakwai
ina cire kan kifi a Matosinhos,
inda teku ke kwana a bakin ƙofarmu,
da asuba jirage su juye mana sadin
masu sheƙi kamar sabbin sulalla.
Ɗauka, datse, ja hanji, ajiye.
Ɗauka, datse, ja hanji, ajiye.
Hannu ya haddace karatun
har ya daina neman izinin kai.

Ciwon bai yi sallama ba.
Da minjirya ya fara, a yatsu uku,
ya haura gwiwar hannu ya ya da zango,
sannan ya kafa bukka a kafaɗar dama.
Cikin dare in na juya, sai ya ce: ina nan.
Na sha ƙwaya, na shafa man zafi,
na kunna kyandir a coci.
Zulmira ta ce girma ne, in yi haƙuri,
uwarta ma da hannu ɗaya ta ƙarasa.

Sai kamfani ya kawo Benedita,
likitar gashin ƙashi, duk ranar Laraba,
yarinya sa'ar autata,
ƙarnin ɗakin ma da ƙyar take haɗiye shi.
Na zaci kwantar da ni za ta yi ta murza.
Ina! Takalmin roba ta zura, da hular leda,
ta tsaya a bayana kamar mai bin bashi,
leɓenta na motsi.

Ta ce, Dona Idalina, sau nawa
kafaɗar nan ke ɗagawa kafin a tashi?
Na ce ni kifi nake ƙirgawa.
Ta ce dubu tara da 'yan kai.
Ko ƙyauren ƙarfe aka yi wa haka
da tuni ya bar bango.

Ashe teburin da tsawon wani ƙato aka auna shi,
wanda ya mutu tun ba a haife ta ba.
Ta sa aka kawo katako mai kaurin tafi,
na hau.
Ta jawo kwandon kifin kusa da cibiyata,
ta naɗe hannun almakashi da abu mai laushi.
Na ce, shi ke nan?
Ta ce da saura: ga jar igiyar roba,
ja ki saki, sau goma, safe da yamma.
Awa na cika ki sauke hannu,
ki mirgina kafaɗa baya
kamar mai tuɓe rigar sanyi.

Senhor Amílcar ya dubi agogonsa.
Minti uku sau mata sittin, wa zai biya?
Ta ce, wanda ya biya wata huɗun
da Graciete ta yi kwance a gida.
Ya tafi duba tukunyar mai.

Ba na ɓoyewa, mako biyu
igiyar na rataye a ƙusar kicin.
Benedita ta ɗaga hannuna, ya tsaya a rabi,
ta ce, igiyarki na gaishe ki.
Daren nan na ja ta ina zaginta,
na ja ta washegari, na ja ta har damina ta wuce.

Ban warke sarai ba.
Babban yatsa na nan da gunaguninsa
duk ranar da iskar arewa ta taso.
Amma ran Lahadi na shanya zanen gado
a igiyar sama, ban kira jikana ba.
Na gama, na bar hannun a can,
miƙe, ba ya riƙe da komai,
har maƙwabciya ta leƙo ta ce wa nake gaisarwa.

Jiya aka kawo sabuwa, Nilza, gajera,
tana miƙa wuya, kafaɗunta a kunne.
Ban ce mata komai ba.
Na sa ƙafa na turo mata katakon Graciete.